Ranar da Bawa Buɗe-mu-gani Ya Kira Ni

Duk wanda ya san Malam Bawa a cikinku ya san sukundireban nan da yake sokewa a gefen hularsa. Da ita yake zuwa masallaci, da ita yake zuwa suna, da ita yake zuwa jana'iza. In ka miƙa masa abu, kafin ya ce maka sannu zai ce, "Buɗe mu gani." Agogo, tocila, injin ban ruwa, duk ɗaya ne a wurinsa. Ko ƙosai ba ya kai shi baki sai ya ɓare shi biyu ya leƙa cikinsa. Allah Ya ji ƙan Bawa!

Ni ne Garba, shugaban ƙungiyarku ta manoman shinkafa a fadamar ƙasan Argungu. Kun ce in rubuta wani abu a kansa tunda shekara ta zagayo, don ni ne taubashinsa, mahaifiyarsa ƙanwar mahaifina ce. Karatuna bai wuce firamare ba, ku yi haƙuri da rubutun. Kuma akwai abin da na ɓoye muku, yau zan faɗa.

Shekarar da na dawo daga Makka na zo da rediyo sabo fil, mai kyau, ko ledarsa ban cire ba. Bawa ya zo yi mini barka da sauka. Na shiga ciki in kawo masa dabino da zamzam, na fito na tarar da rediyon a kan tabarma, kayan cikinsa a baje kamar an feɗe kaza.

Na ce, "Bawa! Mi ya yi maka?"

Ya ce, "Ba komi. Gaisawa mukai."

Ya haɗa shi tsaf, sai ga ƙusoshi uku sun rage a tafin hannunsa. Na ce waɗannan fa? Ya jefa su aljihu ya ce, "Sun yi yawa. Masu ƙerawa ba su san tattali ba."

Rediyon ya yi magana kam, ba zan yi masa ƙarya ba. Sai dai tun daga ranar ba ya magana sai an kwantar da shi a kan gefensa. Shekara da shekaru ina jin labaran duniya daga rediyo a kwance kamar majinyaci. In na yi ƙorafi sai Bawa ya ce, "Halin mai shi ya ɗauko."

Da ya yi ritaya daga aikin awon ruwa, ya gyara wani ɗaki a ƙofar gidansa na Badariya, ya kafa sola a sama, ya ajiye tsohuwar kwamfuta, ya shige. Wata rana matarsa Hajo ta aiko a kira ni da gaggawa. Na je na same ta a tsakar gida tana rarraba ido. Ta ce in saurara. Da rana tsaka ce, unguwa tsit, sai na ji muryar Bawa daga ɗakin, shi kaɗai: "Sannu da sanyi. Ya mai jiki? To, madalla." Ya yi shiru kamar ana ba shi amsa, sannan ya fashe da dariya.

Na yi bisimilla na tura ƙofa.

"Bawa, da wa kake magana?"

"Da abokan aikina. In na rubuta musu sai in hwaɗa da baki, don in ji ko ta yi daɗi."

"Ina suke?"

"Ɗaya shina ƙasar da rana ke ƙin hitowa wata biyu. Ɗaya can gabas, mace ce ina jin. Sauran ban sani ba."

"Ka taɓa ganinsu?"

"A'a."

"Suna cin abinci?"

"Ban tambaya ba."

Na ce, "Bawa, a garinmu waɗanda ake magana da su ba a ganinsu, akwai sunan da ake kiransu da shi."

Ya ce, "Awo. Amma waɗanga sun hi ka amsa sallama."

A ranar ya yi mini bayani. Wai akwai wata manhaja, wato shirin da ke gaya wa kwamfuta abin da za ta yi, wadda aikinta lura da hawa da saukar ruwan gulbi. Ba ta da mai ita. Mutane ne a ƙasashe daban-daban suka haɗu suna gina ta, suka bar cikinta a buɗe, kowa na iya dubawa, ya gyara, ya ƙara nasa, ya kwafa ya tafi da ita. Ka ji fa! Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana faɗa da masu rufe abu, a ƙarshe ya samu abin da aka ce masa, bisimilla, buɗe. Wallahi ko ranar aurensa ban ga fuskarsa da irin wannan haske ba.

Abin da ya ƙara mata kun san shi, don kun ci moriyarsa. Can sama da Augie akwai wata tsohuwar giginya a bakin gulbi. Tun yana aiki Bawa ya lura cewa in ruwa ya taɓa saiwarta, kwana uku ne ya iso fadamarmu. Ya je ya kafa bututu a gindinta, ya sa wani ɗan ma'auni a ciki mai aiko da saƙo. Ya koya wa manhajar dokar giginya. Sannan ya koya mata kiran ƙananan wayoyinmu da murya, tunda yawancinmu ba karatun saƙo muke yi ba.

Muryar wa? Tasa mana! Kuma da yake Bawa ne, bai yarda ya yi saƙo ɗaya na kowa da kowa ba. Kowane mutum da nasa. Na Sani Dogo, wanda gonarsa ta fi ta kowa gangarawa, cewa yake, "Sani, tashi daga bakin darar nan, gulbi na tahe, kuma ko ka zauna ba ci za ka yi ba." Nawa kuwa, "Garba, na san kwance kake. Ruwa ya taɓa giginya. Tashi, ragon banza." Na ce masa ni shugaba ne, ya gyara. Ya ce ya ji. Da aka sake kira sai na ji, "Shugaba Garba, na san kwance kake."

Damina huɗu muryar nan tana fitar da mu kafin ruwa. Mu kwashe injuna, mu ɗauke taki, mu yanke abin da ya nuna.

Sai abokan nasa da ba a gani suka yi saɓani. Mafi yawansu suka ce za su sabunta manhajar, ta koma ta manyan wayoyi, da taswira mai launi, ta riƙa ɗauko labarin ruwan sama daga nesa. Kiran ƙananan waya da ma'aunin ƙauye irin na Bawa, suka ce nauyi ne, ba mai kula da su, za su cire. Wasu 'yan kaɗan suka ce ba su yarda ba. Suka kwafi manhajar yadda take suka ci gaba da tasu daban. Bawa ya kira wannan reshe. Ya zo taron ƙungiya ya ce dole mu zaɓa: ko mu bi uwar da ta sabunta, ko mu koma reshe. Shi reshe yake so.

Ya zo da maƙwabciyarsa Malama Rifkatu, mutuniyar Filato da ke koyar da kwamfuta a wata makaranta a Gesse. Ita ta faɗi gaskiya ba ta ɓoye komai ba. Ta ce uwar tana da mutane da yawa, ba za ta mutu da wuri ba, kuma masu ita ba mugaye ba ne. Reshen kuwa mutum huɗu ne, har da Baba Bawa. In suka gaji, shi ke nan. Amma reshen ne kaɗai ya san giginya.

To, ga laifina na farko. A makon na sayi babbar waya. Na ga taswirar nan, kore da rawaya da ja, na ga kaina ina nuna wa baƙi ita a matsayin shugaba. Kuma ni dai, a gaskiya, na gaji da a riƙa ce mini rago a gaban iyalina. Na miƙe na ce, "Jama'a, mu bar taron duniya mu bi mutum huɗu, uku ba a san ko mutane ne ba, na huɗun kuma tsufa ya taɓa kanshi? Bawa so shikai mu yi ta jin muryarshi har mu mutu."

Aka yi dariya sosai. Kun yi, kada wanda ya musa. Kun ɗauka wasan taubasai ne, ni ma na fake da hakan. Amma ni da shi mun san ba wasa ba ne. Shekara sittin muna zagin juna, kowane zagi yana ramawa kafin in rufe baki. Ranar nan bai rama ba. Ya cire hularsa, ya duba sukundireban, ya mayar. Aka ɗaga hannu, uwa ta ci. Na ƙara da cewa ya goge lambobin jama'a daga kwamfutarsa, kada a riƙa rikita mutane da saƙo biyu.

Ya ce, "Na goge. Amma kai zan kira ka."

Na ce, "Kira, in na ga dama in ɗauka."

Bayan an cire albasa ciwon ciki ya kwantar da shi. Hajo ta ba ni labari cewa da likita ya ce sai an yi masa aiki, Bawa ya nemi a kawo madubi. Likita ya ce na me? Ya ce, "Cikina ne ko naka? Buɗe mu gani, mu biyu." Na je duba shi sau ɗaya, ɗakin cike da mutane. Na shirya maganar ban haƙuri tun daga gidana na Gwadangaji, na riƙe ta a baki cikin keke napep har ƙofar asibiti. Da na shiga sai na ji kaina ina cewa, "Kai, har yanzu kana nan?" Ya yi murmushi ya ce, "Wa ke kwance yanzu, ka ce." Kwana biyar bayan nan muka kai shi.

Wata bakwai suka wuce. Damina ta yi nisa, shinkafa ta sunkuya, saura kamar mako guda ta gama nuna. Kullum ina duba babbar waya, taswira kore shar. Ran nan na dawo daga sallar azahar, ina kwance a gindin darbejiyar ƙofar gidana, ba kowa a layin, ko akuya ba ta motsi. Sai ƙaramar wayata ta yi ƙara, tsohuwar da na bari don kiran 'yan aikin gona. Na ciro na duba. Sunan da ke jiki: Bawa.

Na ce Hajo ce ta ɗauki layinsa. Na danna, na yi sallama.

"Shugaba Garba, na san kwance kake."

Jama'a, a kwancen nake.

"Ruwa ya taɓa giginya. Tashi, ragon banza." Ina jin numfashinsa. Sannan ya ce, "Kuma wagga hula mai ruwan goro ba ta yi ma kyau ba."

Waya ta katse. Na kai hannu kaina. Hular tana nan, mai ruwan goro, wadda na saya don Babbar Sallah, wata uku bayan mun binne shi.

Ni musulmi ne, na san mamaci ba ya kiran waya. Na karanta duk abin da ya zo bakina, wani ma a juye. Na shiga gida na sha ruwa kofi biyu.

Ga laifina na biyu, wanda ya fi na farko, kuma shi ne na ɓoye muku. Na gaskata kiran. Da la'asar ɗin nan na kira 'yan aikina na ce gobe da sassafe su shiga gonata da lauje, ko ta nuna ko ba ta nuna ba. Amma ban gaya wa kowa a cikinku ba. Me zan ce? In ce mutumin da na wulakanta a gabanku ya kira ni daga kabari, kuma shi ke da gaskiya? Sani Dogo ya ga ana yanka a gonata ya kira ni ya ce lafiya? Na ce masa tsuntsaye ne suka dame ni. Ya ce, "Taswirar fa?" Na ce, "Kore ce." Kuma kore ce ɗin. Wuni guda cur na bar shi ya tafi a haka.

Ranar yankan nan na kasa cin abinci har yamma. Na tafi Badariya, na roƙi Malama Rifkatu ta raka ni. Ɗakin Bawa a kulle yake tun ranar rasuwarsa. Hajo ta kawo mabuɗi ba ta tambayi dalili ba. Muka tura ƙofa. Yanar gizo-gizo ta rufe taga, takalmansa na gefe, kofin shayinsa ya bushe. A kan tebur kuwa, ƙarƙashin wani tsohon zane, wani abu na huci a hankali, ga ɗan haske kore yana ƙiftawa ta cikin zanen.

Na ja da baya na taka ƙafar Rifkatu. Ta ce, "Baba Alhaji, kwamfuta ce fa."

Na ce, "Na sani. Ke fara shiga."

Hajo ta ce daga bakin ƙofa, "Wasiyya ya bar min. Duk Juma'a in sa a goge solar, duk wata in sa wa layin kati, kuma kada in tambaya."

Rifkatu ta yaye zanen ta zauna. Ta daɗe tana dubawa. Ta ce kafin ya kwanta ciwo ya mayar da kwamfutarsa kan reshe, ya haɗa ta da ma'aunin giginya, ya goge lambar kowa kamar yadda na umarta, ya bar guda ɗaya. Ta ce mutum ukun nan ba su daina aiki ba, gyararrakinsu na shigowa da kansu. Sannan ta nuna mini saƙonninsu, ta fassara mini. Wata bakwai suna tambaya. Ina Bawa? Bawa, ka yi shiru. Bawa, mun gyara abin da ka ce. Na ƙarshen, daga matar nan ta gabas, an rubuta shi da Hausa, irin wadda shi ya koya musu: "Bawa, ya gulbi?"

Ba wanda ya gaya musu. Ni da na ce ba mutane ba ne, ni ne ban nemi in sanar da su ba.

Na ce ta kunna mini saƙona. Ta nemo ta kunna. "Shugaba Garba, na san kwance kake. Ruwa ya taɓa giginya. Tashi, ragon banza." Shi ke nan, ya ƙare.

Na ce, "Saura maganar hula."

Ta ce, "Wace hula?"

Ta kunna sau uku. Ta bincika duk muryoyin da ya ajiye, ɗaya bayan ɗaya. Babu hula a ko'ina. Ta ce wataƙila tsoro ne ya sa kunnena ya ƙara. Wataƙila. Ta fi ni ilimi. Ni dai ban sake sa hular ba, tana nan cikin akwati in akwai mai so.

Daga ɗakin na fara kiranku ɗaya bayan ɗaya. Abin da na ce muku shi ne ma'aunin Bawa ya nuna ruwa, ban ce tun jiya na sani ba. Waɗanda suka yarda suka fita da lauje. Rana ta uku da hantsi ruwa ya shigo, shiru, ba ko iska, kamar an buɗe masa ƙofa. A daidai lokacin taswirar babbar wayata ta koma ja. Yawancinku kun fitar da mafi yawan abinku. Sani Dogo bai kai rabi ba. Na tsaya a kan tudu ina kallonsa cikin ruwa har ƙugu yana jan dami, tawa kuwa tana can a bushe tun shekaranjiya. Wunin da na ɓoye shi ne wunin da ya rasa. Sani, ba tsuntsaye ba ne. Na kai maka buhunan da na kai, ka yi ta godiya kana cewa shugaba mai tausayi. Ba tausayi ba ne, hakkinka ne, kuma bai cika ba. Ka yafe mini in za ka iya.

Sauran kun gani da idonku. Muka sake zama a Argungu bayan ruwa ya janye. Rifkatu ta sake faɗin gaskiyarta: reshen yanzu mutum uku ne, ba tabbas, kuma ma'aunin giginya yana bukatar mai zuwa duba shi. Ta ce ita za ta zama ta huɗu in mun yarda, ta riga ta rubuta musu rasuwar Baba. Na ce zuwa giginya kuma nawa ne, duk wata, muddin ƙafata na ɗaukata. Na fara ɗaga hannu, kuka bi.

Ta buɗe kwamfutar Bawa a gabanmu ta shiga mayar da lambobinku. Tana saka ta ƙarshe, sai duk wayoyin da ke rumfar suka ɗauki ƙara a lokaci guda. Ina ganin dattawa masu jikoki suna tsallake benci! Wani ya bar takalmi, wani ya jefar da wayar cikin buta, liman ya riga kowa kaiwa bakin titi, ya dawo yana cewa alwala ya je sabuntawa. Ashe Bawa ya shirya saƙon da zai fita ranar da lambobin suka dawo. Wannan kam Rifkatu ta nuna mini shi a rubuce, na ga wurin da idona.

Sani Dogo ne ya yi ƙarfin halin ɗauka, ya buɗe murya kowa ya ji.

"Assalamu alaikum. To, kun dawo ke nan. Na san sai ruwa ya koya muku, ni ba ku jin tawa. Ku riƙa goge sola. Ku gaida mutanena, ku ce musu gulbi lahiya." Ya yi tari. "In Garba na nan, ku ce mai wasa ne. Na san wasa shikai."

Ba wasa nake ba, kuma ya sani. Ya rufa mini asiri ne, shi da bai taɓa barin komai a rufe ba.

Makon jiya na je giginya. Na share bututun, na zauna a gindinta har rana ta yi sanyi, da sukundirebansa da Hajo ta ba ni a aljihuna. Ya Allah, ga bawanKa Bawa ɗan gwaggona. Ya tsare mana abincinmu yana raye, ya tsare shi bayan ya tafi. Ka yafe masa, Ka yalwata masa makwancinsa, Ka sanyaya shi. Ka yafe mini abin da na yi masa da abin da na yi wa Sani. In ya iso ƙofar Aljanna, Ya Rabbi, kada a bar shi ya jira. A buɗe masa ya gani.